Majinar ta koma kore, wane kafso zan saya?

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 43. Yau kwana takwas ke nan da mura ta kama ni, tun da hazon nan ya sauka. Da farko atishawa ce da majina kamar ruwa. Yanzu hancin ya toshe, majinar ta yi kauri ta koma kore, kumatuna da goshina sun yi nauyi. Idan na yi sujada ji nake kamar fuskar za ta zubo a kan darduma, har matauna na sama suna min zugi. Na yi zazzaɓi a kwana biyun farko, ya sauka bai dawo ba. Mai kemis na unguwarmu ya ba ni Ampiclox, na sha kwana biyu ban ga canji ba, ya canza min da Cipro, shi ma na sha kwana ɗaya na ajiye. Otrivin kuma tun ranar farko nake ɗigawa a hanci, yanzu in ban sa ba ba na iya barci. Shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini. Maƙwabcin shagona ya ce allura ce maganin abin, uwargida kuma ta ce sirace. Wane magani mai ƙarfi zan saya in huta?

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Amsata ba za ta yi wa maƙwabcin shagonka daɗi ba. A yadda ka kwatanta ciwon nan, ban ga kafso ko allurar da ya kamata ka saya yau ba. Akwai ma abin da ke aljihunka da nake so ka ajiye. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a fuskar taka, don in ka gane shi ba sai na yi ta lallashinka ba.

Ƙashin fuskar ɗan Adam ba cushe yake ba, akwai koguna a cikinsa, kashi huɗu a kowane ɓangare: a kumatu, a goshi saman gira, a tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Kowane kogo yana da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci, faɗinta bai wuce 'yan milimita ba. Dare da rana kogunan nan suna fitar da majina tsinkakkiya, wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani suna share ta zuwa ƙofa, ta gangara maƙogwaro ka haɗiye ba ka ma sani ba. Idan mura ta zo, fatar cikin hanci ta kumbura, ƙofofin su tsuke, majina ta taru ta rasa hanya. Nauyin da kake ji ke nan. Kogon kumatu ya fi kowanne shan wahala, domin ƙofarsa a can sama take kusa da rufi, kamar randar da aka huda a wuya, sai an yi aikin ɗaga abin da ke ciki kafin ya fita. Saiwoyin matauna na sama kuma suna daf da ƙasan wannan kogon, shi ya sa haƙorin da lafiyarsa ƙalau yake zugi. Ruku'u da sujada suna ƙara matsin jini a wurin da ya riga ya kumbura. Wannan ciwon shi likitoci ke kira sainusaitis, kuma muddin bai wuce mako huɗu ba ana lissafa shi a mai wucewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya haddasa shi. Kusan kullum bairos ne, irin na mura. Antibayotik kuwa, kafso ne ko allura, mai tsada ne ko mai araha, bakteriya kaɗai yake kashewa, bairos ko a jikinsa. A cikin manya 100 da mura ta kama, waɗanda bakteriya ke biyo baya ta shiga kogunansu ba su wuce ɗaya ko biyu ba.

Na san abin da za ka ce: to ai majinar ta koma kore. Wannan launin ya ci kuɗin mutane da yawa. Sojojin jini da ke zuwa yaƙar kowace irin cuta suna ɗauke da wani sinadari mai launin kore, idan suka taru suka mutu a cikin majina sai su rina ta. Murar bairos ma tana yin haka, galibi daga kwana na uku ko na huɗu, musamman da safe bayan majinar ta kwana a wuri ɗaya. Launin yana nuna ana fafatawa a ciki, bai faɗi da wa ake yi ba.

Abin da likita ke dubawa shi ne kwanaki da inda ciwon ya dosa. Ana zargin bakteriya idan an cika kwana 10 babu alamar sauƙi ko kaɗan. Ana zarginta kuma idan tun farko ciwon ya zo da ƙarfi, zafin jiki ya kai digiri 39 tare da majina mai mugunya ko ciwon fuska mai tsanani kwana uku ko huɗu a jere. Sai na ukun, wanda ya fi su fitowa fili: mutum ya fara jin sauƙi a kwana na biyar ko na shida, har ya koma kasuwa, sai ciwon ya juyo da sabon zazzaɓi da ciwon kai fiye da na farko. Kai kana kwana na takwas, zazzaɓinka ya sauka bai dawo ba, ba ka ce min ciwon ya lafa ya sake tashi ba. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya same ka zuwa yau.

Ko waɗanda suka kai kwana goman ma, amfanin antibayotik bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magunguna ta auna su, ta haɗa gwaji 15 da aka yi a kan manya sama da 3,000 masu wannan ciwon. Waɗanda ba su sha antibayotik ba, kusan rabinsu sun warke cikin mako guda, kusan biyu cikin uku kuma cikin mako biyu. A cikin mutum 100 da suka sha, 5 zuwa 11 ne kawai maganin ya hanzarta musu waraka, alhali ƙarin mutum 13 sun gamu da illa, yawanci gudawa da tashin zuciya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san cinikin da faɗuwarsa ta fi ribarsa. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar da NICE, hukumar da ke tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta fitar a 2017 ta ce kada a ba da antibayotik ga wanda bai wuce kwana 10 ba, a kuma sanar da shi cewa ciwon kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya rabu da mutum gaba ɗaya.

Sauran Ampiclox da Cipro ɗin, su ma antibayotik ne, ka bar su, kada ka ce bari ka ƙarasa tunda ka riga ka biya. Ko da bakteriya ce, ba su ne zaɓin da ya dace ba. Cipro ba shi da ƙarfi a kan numokokas, ƙwayar da ta fi yawan haddasa wannan ciwon. Dangin maganin nan kuma suna iya raunata jijiyar agara har ta tsinke, su taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka a 2016 ta ce kada a ba da su don ciwon kogon hanci sai in babu wata mafita. Sannan wannan ɗabi'ar ta sha kwana biyu a canza, a sha kwana ɗaya a ajiye, ita ce makarantar da ƙwayoyin cuta ke koyon jure magani. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne a kan gaba. Ba na ɗora wa mai kemis laifin duka. In ya ce maka je ka sha ruwa ka huta, shago na gaba za ka shiga.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne Otrivin. Yana buɗe hanci cikin 'yan mintoci saboda yana matse jijiyoyin jinin da suka kumbura, kuma a kwana uku na farko taimako ne na gaske. In aka zarce kwana uku zuwa biyar, hanci ya kan saba, da zarar maganin ya sake shi sai ya kumbura fiye da da, ka sake ɗigawa, tazarar tana raguwa. Da ka ce in ba ka sa ba ba ka barci, na yi zargin wani kaso na toshewar da kake fama da ita yanzu daga kwalbar take, ba daga murar ba. Ka daina. Za ka sha wuya dare biyu ko uku, wani lokaci har mako, kafin hancin ya dawo hayyacinsa. In yankewa gaba ɗaya ta gagara, ka fara da hana ƙofar hanci ɗaya, bayan ta buɗe da kanta ka hana ɗayar. Haka kuma ka guji ƙwayoyin mura na haɗi da ake sayarwa ƙulli-ƙulli, domin da yawansu suna ɗauke da sudo'efedirin ko fenilefirin, masu ɗaga hawan jini su kuma hana barci. Piriton ma ba shi da aiki a nan sai ga mai atishawar ƙura ko ƙaiƙayin hanci, ga shi yana sa gyangyaɗi a bakin shago.

To me za ka yi? Na farko wanke hanci da ruwan gishiri, wanda mutane ke rainawa don ba shi da tsada. Ka tafasa ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata ɗaya, ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi. Ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsoro ba, da bekin soda kamar haka in akwai. Bekin soda na ce, ba bekin foda na kek ba, kuma don Allah kada uwargida ta ce kanwa za ta maye gurbinsa. In babu, gishirin kaɗai ya isa. Ka sayi sabon sirinji babba mai cin mil 20, ka yar da allurar. Ka sunkuya a kan baho, ka ɗan karkata kai, ka buɗe baki kana numfashi ta nan, ka tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama ya fito ta ta ƙasa ko ta baki. Sirinji huɗu ko biyar kowane ɓangare, sau biyu ko uku a rana. Ka fyace a hankali, ƙofa ɗaya bayan ɗaya, domin fyacewa da ƙarfi na iya tura majina cikin kunne. Kullum a haɗa sabon ruwa, a wanke sirinjin a shanya.

Maganar tafasa ruwan ba tsirfa ba ce. Akwai wata ƙwayar amiba da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, shan ta ba ya komai, amma in aka tura ta can ƙuryar hanci tana iya haurawa ƙwaƙwalwa. Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, sai dai a 2011 mutum biyu sun mutu ta wannan hanyar a jihar Luwisiyana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo. Ruwan da ya kwana a tankin roba a rana ko a jarkar mai garuwa bai kamata ya shiga sirinji ba sai ya ga wuta. In kuma kana azumin Litinin da Alhamis, ka bari sai bayan buɗa baki, don ruwan yana gangarawa maƙogwaro.

Don ciwon fuska da na kai, farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Aibufurofen yana aiki sosai a kan irin wannan zugin, amma ba zan ba mai hawan jini shawarar yawaita shi ba, haka mai olsa da mai ciwon ƙoda. Ka sa tsumma mai ɗumi a kumatu da goshi, ka ƙara matashi idan za ka kwanta, ka sha ruwa da shayi da kunu yadda ya kamata. In akwai turaren wuta a ɗakin kwana a ɗaga masa ƙafa na kwana biyu, hayaƙi kowane iri ne yana gurgunta gasun nan masu shara.

Abu ɗaya da zan yarda ka kashe wa kuɗi shi ne feshin hanci mai rage kumburi, irin mometason ko fulutikason, waɗanda aka fi sani da Nasonex da Flixonase. Amfaninsa a wannan ciwon matsakaici ne, ba zan yi maka ƙari ba, amma a wurinka yana da riba biyu, domin shi ne kuma ke taimaka wa hanci ya rabu da Otrivin. Ba ya buɗe hanci nan take, sai bayan kwana biyu ko uku za ka fara ji, kuma akan yi mako biyu ana sawa. Ka wanke hanci tukuna, ka ɗan sunkuyar da kai, ka riƙe kwalbar da hannun dama don ƙofar hagu, da hannun hagu don ta dama, bakinta ya fuskanci wajen kunne, ba karan hanci ba, kada ya sa maka haɓo. Kada ka zuƙe da ƙarfi. In ka ji ɗacinsa a maƙogwaro, ya wuce inda aka aike shi. Wannan feshin daban yake da ƙwayar deksametason ko allurarta da wasu ke cusawa cikin haɗin mura. Waɗancan ba su da wani amfani su kaɗai a wannan ciwon, suna kuma ɗaga suga da hawan jini.

Siracen uwargida fa? Tururi yana sa mutum ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci, wasu kuma ciwon kai ya ɗan sassauta, amma gwaji bai nuna yana rage kwanakin ciwo ba. In kana so ka yi, ka yi, da sharaɗin a sauke tukunyar daga wuta ruwan ya ɗan sarara, a ajiye ta a ƙasa ba a kan cinya ba, yara kuma su yi nisa. Ƙunar tafasasshen ruwa ta fi sainusaitis muni nesa ba kusa ba. Man zafi kuma a shafa a ƙirji, kada a cusa cikin hanci.

Yanzu sai lissafi. Jibi za ka cika kwana 10. In ka ga abin yana ja da baya, ko da a hankali ne, ka ci gaba da abin da na lissafa, majina da ɗan nauyi na iya bin ka har mako na uku. In kuwa babu inda ya motsa, ko ya juyo da zazzaɓi, ka je asibiti a duba ka, a yi gwajin maleriya ma in jikin ya yi zafi. Likita na iya cewa a ƙara jira 'yan kwanaki ana lura, kuma wannan ba wasa da aiki ba ne. In ya ga antibayotik ya wajaba, zaɓin farko amoksisilin ne, shi kaɗai ko haɗe da kilabulanet, wato Augmentin da ire-irensa, na kwana 5 zuwa 7 ga babba. Ka faɗa masa ka sha Ampiclox da Cipro a makon nan, domin hakan na iya sa ya zaɓi mai haɗin. Wanda fenisilin, wato dangin amoksisilin, ke sa wa borin jini ko kumburi akan ba shi doksisaikilin, banda mai juna biyu. Septrin da azitromaisin sun rage tasiri a kan waɗannan ƙwayoyin. Ka saya a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC, ka sha a kan lokaci har kwanakin su cika. In bayan kwana uku zuwa biyar babu sauƙi, ka koma wurin wanda ya rubuta, kada ka canza da kanka. Allurar da maƙwabcinka ke magana ta wanda aka kwantar a gado ce ko wanda amai ya hana shi riƙe magani. Hoton ƙashi ma ba a buƙatarsa a irin naka, ba ya bambance bairos da bakteriya.

Akwai alamun da ba a jira musu kwana goma, ba a ma jira gari ya waye. Tsakanin kogon da ke tsakanin idanu da ramin ido, ƙashi ne siriri kamar takarda, bayan kogon goshi kuma ƙwaƙwalwa ce. Idan fatar ido ta kumbura ta yi ja, ko idon ya turo, ko kana ganin abu bibbiyu, ko gani ya dushe, ko goshi ya tasa, ko ciwon kai ya zama irin wanda ba ka taɓa ji ba tare da amai, ko wuya ya sanƙare, ko iyali suka ga kana sambatu ko yawan barci, a tafi babban asibiti a take. Ka tuna daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne a ƙasarmu, kuma yana iya farawa kamar zazzaɓin mura. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, su ba sa cikin masu jira tun farko. Irin su ne wata muguwar gansakuka ke ci wa hanci da fuska, kamar yadda ta yi wa dubban mutane a Indiya a 2021 lokacin korona. In ka daɗe ba ka auna suga ba, ka haɗa da shi.

Idan zugin haƙorin gefe ɗaya ne, majinar kuma tana wari daga ƙofa ɗaya, a duba haƙorin, wani lokaci daga ruɓaɓɓiyar saiwa ciwon ke haurawa kogon kumatu, kuma ba ya warkewa sai an gyara ta. In kuma ka lura abin yana dawo maka sau huɗu ko fiye a shekara, ko ya zarce mako 12, maganar ta koma hannun likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Hazon nan da iska ke kwasowa daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi ba zai ɗaga don kai ba, ga ƙurar yadi in ana warware dila. Ka sa takunkumi a kan hanya da lokacin sauke kaya, ka wanke hanci da zarar ka dawo gida. Gobe da safe kafin ka buɗe shago ka tsaya a auna maka jini, tunda kwana takwas kana sa maganin da ke matse jijiya ga kuma rashin barci. In ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, yaron shago ya riƙe maka kasuwar ranar, kai ka wuce asibiti.